Motar kwana: yadda za ka zaɓa tsakanin ƙaramar bas da ƙatuwar mota mai ɗaki, idan a Kano kake

Motar kwana ita ce wadda aka shirya cikinta da gado, wurin girki, ruwa da wutar lantarki, yadda matafiyi zai kwana a ciki ba tare da ya nemi masauki ba. A Kano masu tambaya a kanta ba 'yan yawon buɗe ido ne kaɗai ba. Akwai ɗan kasuwar da ke bin kasuwannin mako irin Wudil ranar Juma'a da Maigatari ranar Alhamis, akwai mai gona a Kadawa ko gefen Tiga da ke kwana biyu ko uku a wurin aiki, akwai injiniyoyi da masu ɗaukar fim, sai kuma magidancin da ke son ya kai iyalinsa Yankari lokacin hutu. Kusan kowa da hoton ƙatuwar motar Amurka yake fara zuwa, mai falo da banɗaki da gefen da ke zamewa ya ƙara faɗi. Shawararmu ga mafi yawansu ita ce su sayi bas ɗin da makaniken Kano ya sani, su gyara cikinta ta yadda za a iya kwance kayan a mayar da kujeru.

Yadda kasuwar take a can inda ake ƙera su

A Amurka an raba su gida uku. Ajin A su ne manya masu siffar bas ɗin safa, tsawonsu daga wajen mita 8 zuwa 13. Ajin C an ɗora musu ɗaki a kan ƙaramar babbar mota, galibi Ford E-350 ko E-450, da gado a saman kan direba. Ajin B kuwa bas ce da aka bar jikinta yadda kamfani ya ƙera, aka gyara cikinta kawai, a kan Mercedes Sprinter, Ford Transit ko Ram ProMaster. A Turai ƙanana sun fi tafiya, domin lasisin tuƙi na kowa da kowa ya tsaya a kilo 3,500, titunan tsofaffin garuruwa matsattsu ne, mai kuma da tsada. Fiat Ducato ce ƙashin bayan yawancinsu.

Lokacin korona kasuwar ta yi tashin da ba a taɓa gani ba. A 2021 masana'antun Amurka sun fitar da motoci da tireloli na kwana sama da 600,000, amma zuwa 2023 adadin ya faɗo kusan rabi. Abin da ya shafi mai saye daga Kano a nan shi ne tsofaffin manya suna da yawa a wuraren gwanjo, farashinsu kuma yana da ban sha'awa. Ƙananan ba sa faɗuwa haka, har ma sabuwar 'yar ajin B takan kai ko ta wuce farashin ajin C, saboda aikin cusa komai a ƙaramin wuri ya fi wuya. To, araha ba ta ado. Kuɗin gwanjo shi ne mafi ƙanƙanta a cikin abin da babbar za ta ci maka.

Lissafin da za ka yi kafin ka tura ko sisi

Fara da awon ƙofar gidanka da layinku. Babbar motar kwana faɗinta ya kai mita 2.5, tsayinta daga ƙasa mita 3.3 zuwa 4 idan an haɗa da na'urar sanyin da ke kan rufi. HiAce mai dogon rufi, wadda ake ce wa Hamma, tsawonta mita 5.38 ne, faɗi 1.88, tsayi kusan 2.3. Ita wannan za ta shiga get ɗin gida, ta juya a layi, ta yi fakin a bakin kasuwa. Waccan kuwa ba ta da abin yi a lungunan cikin gari, kuma wayoyin wuta da suka saƙa sararin unguwanni za su riƙa kama kayan rufinta. Akwai kuma dogon ƙugun motar da ke bayan tayar baya. A ajin C yakan kai mita 3, shi ya sa take dukan ƙasa a hawan kwalbati da gangaren gidan mai, kuma a daidai nan bututun tankunan ruwa suke.

Sai mai. Tun da aka cire tallafi a ranar 29 ga Mayu 2023, wannan ya zama lissafi na farko ga duk mai mota. Babbar mai injin fetur V10 na Ford tana shan lita 25 zuwa 35 a kowane kilomita 100. HiAce mai injin 2TR na lita 2.7 tana shan wajen 12 zuwa 14. Daga Kano zuwa Abuja kusan kilomita 430 ne, zuwa da dawowa 860. Ƙaramar za ta sha wajen lita 110, babbar kuma wajen 260. Ka ninka da farashin lita na yau, ka kwatanta da kuɗin otal na kwana biyu.

Jigila ma ta bambanta. Ƙofar doguwar kwantena mai ƙafa 40 faɗinta mita 2.34 ne, tsayinta bai wuce 2.6 ba, saboda haka babbar ba ta shiga. Sai jirgin da ake tuƙa mota a shigar, su kuma da girman mota suke cajin kuɗi. Daga Tin Can ko Apapa sai an tuƙo ta kilomita sama da 1,000 zuwa Kano, a kan tayoyin da wataƙila sun shekara bakwai a tsaye. Hukumar kwastan ta hana shigo da motar da ta wuce shekara 12 da ƙerawa, kuma mafi yawan masu arahar da ake gani a intanet sun wuce haka. Mota mai sitiyarin dama, irin na Ingila da Japan, ba a yarda da ita a titunan Najeriya ba, juya sitiyari a gareji kuma kasada ce da rai, musamman a mota mai nauyi.

Tambaya ta ƙarshe a wannan lissafi ita ce wa zai gyara ta. Kayan HiAce, daga famfon mai zuwa gilashin gaba, akwai su a Kofar Ruwa, akwai su a Bauchi, akwai su a ƙaramin gari a hanya. Gilashin gaban 'yar ajin A idan dutse ya fasa shi, sai an yi oda daga waje, motar ta yi watanni a ajiye. Tayoyinta masu inci 19.5 ko 22.5 ba kowane mai faci ne ke da jak ɗin ɗaga ta ba. Sababbin injinan dizal na Turai da Amurka, har da Sprinter, suna da matatar hayaƙi da tankin AdBlue, wani ruwa mai tsaftace hayaƙi. Dizal mara kyau da yawan tafiya a hankali cikin gari suna toshe matatar, motar ta rage wa kanta ƙarfi, idan ruwan ya ƙare kuma ta ƙi tashi gaba ɗaya. Sprinter tana da fa'ida guda da HiAce ba ta da ita: mutum yana miƙewa tsaye a cikin mai dogon rufi, domin tsayin ciki ya haura mita 1.9, na Hamma kuwa wajen 1.6 ne. Idan ka zaɓe ta, ka fara samun makaniken da ke da kwamfutar duba ta kafin ka biya kuɗin motar.

Idan duk da haka babbar kake so

Tana da wurinta. Kamfanin da ke aikin hanya, ko babbar gona, ko masu fim da za su kafa ta wuri guda na makonni su mai da ta ofis da ɗakin hutawa, za su more ta. A irin wannan aiki tafiyarta kaɗan ce, zamanta ya fi yawa.

Babban ciwon manyan nan ruwa ne. Rufin yawancinsu shimfiɗar roba ce a kan falanki, an liƙe bakin kowace huda da danƙo. Rana tana busar da danƙon ya tsage, ruwa ya shiga ya ruɓar da katakon ciki shekara da shekaru ba a gani ba. Wanda zai duba maka ya hau rufin, ya danna bango da tafin hannu a kusa da tagogi da kusurwoyi, ya taka ƙasan banɗaki. Wurin da ya yi laushi, ko bangon waje da ya kumbura, ko warin rima a cikin kabad, duk alamar a bar ta ne. Ka binciki lambar casis a ga ko an taɓa rubuta mata haɗari ko ambaliya. Ranar Kano ta watan Afirilu da ruwan Agusta za su ƙarasa duk rufin da ya fara lalacewa, don haka ka sa a ranka za a duba danƙon nan kafin kowace damina, a kuma yi mata rumfa.

Wuta ita ce tarko na biyu. Kayan motar Amurka na volt 120 ne, namu 230. Wanda ya canja kan filogi kawai ya jona ta da wutar gida zai ƙone caja, firji da na'urar sanyi a take. Sai an sa tiransifoma mai rage ƙarfin wuta, wadda za ta ɗauki aƙalla kilowat 4 idan za a kunna na'urar sanyi. Ko da hakan, na'urar an yi ta ne don wuta mai bugu 60 a daƙiƙa, tamu 50 ce, za ta yi aiki a raunane tana zafi. Firjin da ke aiki da gas, wanda ake sa wa yawancinsu, yana buƙatar motar ta tsaya daidai ba karkace ba, kuma yana gazawa a zafin bazara. Tankin gas ɗinsu a manne yake da jikin motar, bakinsa ba irin na tukunyarmu ba ne. Tankin bayan gida kuma an yi shi ne don a juye a tashoshi na musamman da ke sansanonin can. A nan sai ka gina bakin juyewa a sokawe ɗin gidanka. Juye shi a kwata ko bakin hanya cutar da jama'a ne, kada a yi.

Gyara bas ta zama motar kwana

Sayi motar da jikinta ke da lafiya, ko da fentinta ya koɗe. Ka shiga ƙarƙashinta ka duba tsatsa a casis, a bakin tayoyi da ƙasan ƙofar gefe. Bas ɗin da ta yi shekaru tana haya za ka same ta da sifirin da ya kwanta da bodin da aka sha yi wa walda, 'yar Beljiyam ko wadda ta fito daga hannun ma'aikata ta fi. Kafin a buga ƙusa ɗaya, a gama da inji, giya, birki, lagireto da shokozoba. Tayoyi su zama masu harafin C, na ɗaukar kaya, irin 195R15C. Lamba huɗu na ƙarshe a jerin da ya fara da DOT a gefen taya suna nuna mako da shekarar ƙira: 2322 na nufin mako na 23 a 2022. Hukumar kiyaye haɗurra tana ba da shawarar kada taya ta wuce shekara 4.

Daga nan sai nauyi, wanda kafintoci ba sa tunawa da shi. A jikin ƙofa ko kusa da kujerar direba akwai farantin da ke nuna iyakar nauyin motar da kayanta. Kai ta sikelin manyan motoci bayan an cire kujerun baya, tankin mai cike, ka debe abin da ya nuna daga wancan adadi. Abin da ya rage shi ne kasafinka. Falanki mai kauri milimita 12 yana kai kilo 20 zuwa 22 kowane fefe, biyar sun haura kilo 100. Jarka uku ta ruwa kilo 75. Manya huɗu kusan 280. Kada ka yarda a yi maka kabad da MDF, wato allon da ake yi da garin katako, ko a shimfiɗa tayil. MDF yana da nauyi, yana kumbura da ya sha ruwa, sukurori kuma suna zarewa daga jikinsa da girgizar hanya. Nemi falanki mai jure ruwa a 'Yan Katako na Na'ibawa, 12 don gado da bene, 9 ko 6 don bango da ƙofofin kabad. Duk abu mai nauyi, ruwa da batir da gas, ya zauna ƙasa, tsakanin tayar gaba da ta baya, a raba shi hagu da dama. Motar da aka loda wa sama tana rangaji a kwana, wadda aka loda wa baya kuma sitiyarinta yana yin sakayau.

Zafi shi ne abokin gabar farko a nan, ba sanyi ba, ko da yake daren hunturu yana sa a nemi bargo. Rufi ya zama fari. A liƙa soso mai rufaffen ƙwaya, kauri milimita 10 zuwa 20, a cikin rufi da bango, da gam mai jure zafi, domin gam na kujeru yana saki idan ƙarfe ya gasu, soson ya zubo. Auduga ta gilashi tana riƙe danshi ta jawo tsatsa, a bar ta. Abin da ya fi komai amfani shi ne fankar rufi mai zuƙe iska waje. Ana yanka mata rami na inci 14 a kowane gefe, tsakanin haƙarƙarin rufin ba a kansu ba, a goge bakin, a shafa fentin hana tsatsa, a ɗora ta a kan danƙo mai laushi kafin a ɗaure. Silikon na banɗaki ba ya riƙe fentin mota, damina ɗaya zai fara yoyo. Fanka ba ta aiki sai iska na da mashiga, don haka a bar taga ɗaya a buɗe can nesa da ita, kusa da kan mai barci, a sa mata ragar sauro mai firam. Ƙofar baya da ta gefe ma a ɗinka musu raga mai zif.

Gado a yi shi a tsaye da tsawon mota, domin faɗin cikin HiAce, ko da Hamma ce, bai wuce mita 1.7 da 'yan kai ba, dogon mutum ba zai miƙe a gicciye ba. Katifa mai ƙafa 4 da rabi da ƙafa 6, kauri inci 4, soso mai ƙarfi, a yanka ta gida uku don ta zama kujera da rana. Ka bar aƙalla santimita 90 tsakanin katifa da rufi don a zauna ba tare da sunkuyawa ba. A mai dogon rufi gadon zai iya hawa santimita 45, ƙarƙashinsa ya zama ma'aji. A huda falankin gadon ko a yi shi da tsinke-tsinke don katifar ta sha iska.

Ɗaure kaya shi ne inda rai yake. A yi amfani da ramukan kusoshin kujerun da aka cire, da kusoshi masu ƙarfi da wasa mai faɗi. Idan dole a huda bene, a leƙa ƙasa tukuna, tankin mai da bututun birki suna nan. Injin HiAce yana ƙarƙashin kujerun gaba, kada kabad ya hana buɗe murfinsa. Ka bar layin kujeru ɗaya na asali da bel ɗinsa don iyali. Ba a tafiya da kowa kwance a gado, yaro ko babba, domin a birki mai ƙarfi zai wuce gaba tare da duk abin da ba a ɗaure ba. Kujerun da ka cire kuma ka adana su. Ranar da za ka sayar, masu neman bas ta haya sun ninka masu neman motar kwana nesa ba kusa ba, kuma wannan ne ya sa ƙaramar ke riƙe darajarta a kasuwar Kano.

Wuta, ruwa da gas

Lissafa abin da za ka ci a yini. Firji mai kwamfiresa na volt 12, lita 40, yana cin wajen wat-awa 500 a zafi (wat-awa ma'aunin yawan wutar da aka sha ne). Fankar rufi ta awa 10 wajen 300. Fitilu, wayoyi da kwamfuta wajen 200. Jimla 1,000. Batirin litiyam irin LiFePO4 mai 100Ah yana riƙe 1,280, nauyinsa wajen kilo 12, wato ya ishe ka yini guda. Batirin ruwa na inbata mai 200Ah ya kai kilo 60, rabinsa kawai ake iya sha ba tare da an kashe shi ba, yana kuma fitar da iska mai kamawa da wuta, bai dace da ɗakin barci ba. Sola mai wat 300 a kwance a kan rufi za ta mayar maka da wajen 1,000 a rana mai haske. A hunturu ƙura tana rage ta sosai, sai an riƙa gogewa kullum. A bar tazarar yatsu biyu ko uku tsakaninta da rufi, ta sha iska ta kuma yi wa motar inuwa.

Kada mai wayarin ya jona batirin litiyam kai tsaye da altaneta, zai ja wutar da za ta ƙone ta. A sa caja ta musamman mai amfiya 30 a tsakani. Kowace wayar da ta fito daga batir a sa mata fis a kusa da kan batirin, cikin santimita 18. Inbata mai wat 1,000 tana jan amfiya kusan 100, tana buƙatar wayar tagulla zalla mai kauri milimita murabba'i 25 zuwa 35 da fis na 125 zuwa 150. Akwai wayar alminiyam da aka shafa wa tagulla a kasuwa, ka kankare bakinta ka gani, idan cikinta fari ne ka ajiye. Duk inda waya ta ratsa ƙarfe a sa mata zoben roba. Batir ya zauna a ƙasa, inda iska ke wucewa, domin cikin motar da aka rufe a rana yana haura digiri 60.

Na'urar sanyi duk dare a kan batir magana ce ta daban: tana cin wat-awa 4,000 zuwa 5,000, wato batir huɗu irin wancan da solar da rufin bas ba zai ɗauka ba. Masu kunna janareta su ajiye shi nesa, aƙalla mita 6, bakin hayaƙinsa yana kallon wani gefe. Hayaƙin janareta da na injin mota ba shi da wari a ɓangarensa mai kisa, ya hallaka iyalai a cikin barci. Kada a kwana da injin mota a kunne don sanyi, kada a shigar da gawayi don ɗumi. Na'urar ƙararrawar hayaƙi mai batir ba ta da tsada, a manna ta kusa da gado.

Ruwa a jarkoki ya fi tanki, ana cirewa a wanke a cika ko'ina. Da alwala, girki da wanke-wanke, ka ƙiyasta lita 15 zuwa 20 ga mutum a yini, ban da wanka. Ƙaramin famfo na volt 12 da jarka ɗaya ta ruwan datti a ƙarƙashin wurin wanke hannu sun wadatar. Bayan gida na tafi-da-gidanka mai tankin lita 20 ana juye shi a masai. Gas ya fi iska nauyi, idan ya yi yoyo ƙasa yake kwanciya, don haka tukunyar kilo 6 ta zauna a tsaye, ɗaure, cikin akwati mai rami a ƙasansa da ke fita waje. A gwada mahaɗa da ruwan sabulu, a rufe kan tukunya bayan kowane girki. Girkin kansa ya fi kyau a waje, a kan teburin da ke zarowa ta ƙofar baya. Abin kashe gobara na kilo 2 ya rataya kusa da ƙofa.

Takardu da gwaji

Ka je ofishin VIO ka bayyana canjin da ka yi, takardunka su nuna mota ce ta kanka ba ta haya ba, kamfanin inshora ma ya sani. Lasisin tuƙi na Najeriya mai harafin B na motocin da ba su kai tan 3 ba ne, doguwar Hamma da Sprinter suna iya haura haka, ka tabbatar a ofishin hukumar kiyaye haɗurra. Gilashi mai duhu yana buƙatar izinin 'yan sanda, labule mai kauri da ake zugewa da dare ya fi sauƙi, kuma a shingen bincike jami'i yana ganin ciki. Ba a kwana a bakin hanya ko daji. A yi tafiya da rana, a kwana a harabar da ke da katanga da maigadi, ko gidan 'yan uwa, ko inda mai unguwa ya san da zuwanka.

Kafin tafiyar farko, loda komai har ruwa da mutane ka koma sikeli, a auna gaba daban baya daban, a daidaita iskar tayoyi da nauyin. Sannan ka kwana biyu a cikinta a tsakar gida ba tare da jona wutar gida ba, ka ga inda batir ya tsaya da asuba. A zuba wa rufin ruwa da tiyo na minti 10 wani yana ciki yana duba yoyo. Bayan haka ka yi gajeriyar tafiya, kamar zuwa Tiga ka dawo, ka bi duk kusoshi da sifana, domin a kilomita 200 na farko suke saki, ka kuma taɓa mahaɗan wayoyin batir: wanda ya yi ɗumi bai ɗauru ba, a sake matse shi.